Fanka na Juyawa, Monita Baƙi Ƙirin: Laccar Wani Tsohon Mai Gyaran Kwamfuta ga Yaran Shago

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayen gidanmu da ke zaune a gaba, Allah ya ƙara girma. Ƙannena masu koyon aiki, ku matso kusa, abin da ke kan teburin nan ƙanana ne, daga baya ba za ku gani ba.

Wannan da na ɗaga shi ne bod, madabod ɗin kwamfutar tebur. 'Yar Beljiyam ce, irin waɗanda ake saukewa a Legas a rarraba su har su iso mana Beirut Road a nan Kano. Soket ɗinsa, wato mazaunin furosesa, 775 ne, wanda Intel ya fito da shi a 2004, wato ya girmi wasu daga cikinku. Mai shi ya kawo shi da ƙorafin da kowa a nan ya sha ji: "Malam, tana tashi, fanka na juyawa, amma ba ta kawo hoto." Yaron da ya fara dubawa ya kunna sau biyu, ya girgiza kai, ya ce bod ya mutu. A kan wannan hukuncin nake son mu tsaya yau, domin da yawa daga cikin bod ɗin da ake jefawa kwandon 'yan gwangwan da ransu aka binne su.

Juyawar fanka ba ta nufin kwamfuta ta tashi. Abin da ta gaya maka kawai shi ne bolt 12 ya iso. Hoto kuwa shi ne kusan na ƙarshe a layi. Da ka danna maɓalli, fawa fak zai saki wutarsa, ya jira ta daidaita, sannan ya aika wa bod saƙo ta wayar nan mai ruwan toka cewa wuta ta zauna. Sai furosesa ta farka, ta karanta BIOS, wato ƙaramar manhajar da ke jikin bod mai tayar da kwamfuta, BIOS ya nemi ram, in ya same shi lafiya sannan ya juya wajen hoto. Duk inda aka tsaya a wannan hanya, abin da idonka zai gani iri ɗaya ne: baƙin monita. To aikinka shi ne ka gano a wace tasha motar ta lalace.

Kafin ka ɗauki sukundireba, duba abin kunya tukuna. Na kira shi abin kunya saboda na taɓa kwana biyu a kan wata kwamfuta, na canza ram, na canza furosesa, ashe ƙafa ɗaya ce ta lanƙwashe a cikin shuɗin kan wayar VGA, cikin ƙafafunta 15. (Dariya.) Gwada monitar da wata kwamfuta. In akwai katin hoto a jikin bod, wayar a jikin katin za ta shiga, domin yawancin bod suna rufe ramin hoton da ke jikinsu da zarar sun ga kati. Sannan ka jona kibod, ka danna Num Lock. In wutarsa tana kamawa tana ɗaukewa yadda kake dannawa, bod ya wuce gwajinsa, matsalarka tana tsakanin ramin hoto da monita.

In duk wannan bai ba ka komai ba, fito da bod daga akwatinsa. Ɗora shi a kan kwali ko katako. Dalili? Ƙusa ɗaya da ta ɓata a ƙarƙashin bod, ko ƙafar ƙarfe da aka ɗaura inda babu rami, ta isa ta haɗa waya. Cire had dis, cire na'urar faifai, cire wayoyin USB na gaba, cire komai. Bar furosesa da fankarta, ram guda ɗaya, fawa fak, da monita. Za ka kunna shi da bakin sukundireba, ka taɓa ƙafafu biyun da wayar maɓalli take zama.

Ga kuma wannan. Kun gan ta? Ƙaramar sifika ce mai waya biyu, ba ta kai murfin kwalba ba. Ni a wurina mai gyaran da ba ya yawo da ita a aljihu kamar likita ne da ya toshe kunne mara lafiya na yi masa bayani. Bod ba shi da hoto, amma yana da baki. Jona ta, ka cire ram ɗin gaba ɗaya, ka kunna. In ya fara kuka, ƙara doguwa tana maimaituwa, ka yi hamdala. Ma'anarsa furosesa ta farka, ta karanta BIOS, ta nemi ram ba ta gani ba, shi ne take ƙorafi. Wannan bod yana da rai. In kuwa ka cire ram ya yi shiru, to tun kafin a kai ga ram aka tsaya, ka koma wajen wuta, furosesa, ko BIOS. Gwajin nan ɗaya ya raba maka matsala gida biyu cikin minti ɗaya. A bod mai BIOS na Award, ƙara ɗaya gajeriya lafiya ke nan, doguwa ɗaya da gajeru biyu kuwa hoto yake nema bai samu ba. Sauran kamfanoni kowa da yarensa, sai ka nemi na bod ɗin da ke hannunka.

Mu ɗauka ya yi kuka. To ram. A nan zan daɗe, don a aikina nan ne na fi samun ɓarawon. Ƙurar hunturu tana shiga ramin, damina ta zo ta jiƙa ta, sai ƙafafun zinariyar nan su dushe. Ɗauki kilinar fensir fara, ka goge ƙafafun gefe da gefe har su yi ƙyalli, ka kakkaɓe, ka share ramin da busasshen buroshi. Ka mayar, ka danna har maƙallan biyu su rufe da kansu. Bai kawo ba? Koma rami na biyu da wannan ram ɗin. Bai kawo ba? Kawo wani ram da ka tabbatar yana aiki. Ku lura da abin da nake yi: abu ɗaya nake canzawa, in kunna, in gani. Yaron da zai canza ram da batir da fawa fak a lokaci guda, ko kwamfutar ta tashi bai san me ya gyara ba, gobe in irinta ta zo zai sake lalube.

Akwai tarko biyu a ram na tsofaffin bod. DDR2 da DDR3 duk ƙafa 240 gare su, tsayinsu ɗaya, tsagar tsakiya ce kawai ba wuri ɗaya take ba, kuma ɗaya bolt 1.8 yake ci, ɗayan 1.5. In bai shiga da sauƙi ba kada ka nuna masa ƙarfi. Tarko na biyu ya fi wayo. Bod mai cif ɗin G41 yana karɓar DDR3, amma ka sa masa sabon ram mai giga 4 wanda ƙwayoyinsa takwas ne a gefe ɗaya, sau da yawa zai ƙi tashi. Mai ƙwaya 16 yake so, takwas kowane gefe. Ram lafiyarsa ƙalau, bod lafiyarsa ƙalau, jininsu ne bai haɗu ba.

Batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, bolt 3 ne. Kwamfutar da ta yi shekaru a sito kafin ta hau jirgin ruwa, batirinta ya daɗe da mutuwa, kuma saitin BIOS yana iya rikicewa. Zare wuta, cire batir, matsar da jamfar CMOS, wato 'yar hular nan da ake goge saitin BIOS da ita, daga ƙafa ta 1 da 2 zuwa ta 2 da 3 na ɗan daƙiƙoƙi, ka mayar da ita, ka sa sabon batir. Ka mayar da ita, na ce! Na sha karɓar bod da aka bar jamfarsa a wurin gogewa, mai shi yana ta salati.

Yanzu in ya yi shiru fa? Fawa fak. Tun kafin ka jona kwamfutar da ta zo daga Amurka, leƙa bayanta. Tsofaffin fawa fak suna da ɗan jan makunni, 115 ko 230. Wutarsu can 120 ce, tamu 230. Ka jona ta tana kan 115, za ka ji fas, ka ga hayaƙi, shi ke nan. In wannan daidai yake, zare babbar wayar mai ƙafa 24, ka haɗa koriyar waya da baƙa da ɗan guntun ƙarfe, fankarsa za ta tashi. Sai mita: rawaya bolt 12, ja 5, ruwan lemo 3.3, an yarda da saɓanin kashi 5 cikin 100 sama ko ƙasa. Amma kada mita ta ruɗe ku. Fawa fak da ya tsufa yana iya nuna 12 cif ba kaya a kansa, ka ɗora masa bod ya durƙushe. Shi ya sa nake ajiye guda ɗaya mai kyau a shago wanda ba na sayarwa ko nawa aka taya. Kuma ku duba ƙaramar wayar nan mai ƙafa 4, rawaya biyu baƙi biyu, kusa da furosesa. Ita ke ciyar da furosesa. A manta da ita, fanka za ta yi ta juyawa har gobe ba hoto.

Daga nan sai ido. Kawo bod wajen haske ka dubi kafasitocin da suka kewaye soket. Kan lafiyayya a shafe yake. In ya kumbura kamar ƙosai, ko ya fitar da wani abu ruwan ƙasa, ta gama. Kayan da aka ƙera a farkon shekarun 2000 sun yi ƙaurin suna da wannan ciwon, kuma da yawansu nan suka ƙare a hannunmu. Ana canza su: lambar ƙarfinta ɗaya, bolt ɗinta daidai ko sama, ka kiyaye ƙafar da ke da zane. Sai furosesa. A soket 775 alluran a jikin bod suke, ba a jikin furosesa ba, siririn gaske. Ɗaga ta a hankali, ka karkata bod, duk allurar da ta kwanta za ta yi wani ƙyalli daban da 'yan'uwanta. Da bakin allurar sirinji ake tayar da ita, da numfashi a riƙe.

Na'am, ɗan'uwa a baya, ɗaga murya.

(Wani matashi ya ce: "Ranka ya daɗe, ni ogana in bod ya ƙi kawo hoto buloya mai hura iska mai zafi yake sa wa cif ɗin bod ɗin, kuma yana tashi.")

Yana tashi, ban musa ba, kuma ba zan zagi oganka a gabanka ba. (Dariya.) Zafi yana sa dalmar da ta tsage a ƙarƙashin cif ta sake kamawa na ɗan lokaci. Amma tambaye shi sati nawa take yi kafin ta dawo. Ga shi kafasitocin da ke gefe ba sa son zafi, garin neman gira sai a rasa ido. In za ka yi, ya zama bayan ka gama duk abin da na lissafa, kuma ka gaya wa mai kaya gaskiya cewa jiƙo ne, ba magani ba. In kuwa ɓangaren hoton cif ɗin ne kawai ya mutu, sa masa ƙaramin katin hoto, ya fi buloya amana.

(Wani ya tambaya game da bod ɗin H61 da aka sa wa sabuwar furosesa ya ƙi tashi.)

Madalla, wannan na so in manta. H61 soket 1155 ne, ya fito a 2011 da furosesar Intel Core zubi na biyu. Zubi na uku ya zo a 2012, ramin ɗaya, tana zama daram, amma tsohon BIOS bai san ta ba. Sai ka nemi 'yar zubi na biyu, ko Celeron ce, ka tayar da bod da ita, ka sabunta BIOS, sannan ka mayar da sabuwar. Kuma kada ka sabunta BIOS a kan wutar NEPA tsirara, jona UPS ko inbata, don in aka ɗauke a tsakiya sai an kai ga na'urar rubuta cif.

To bari mu gwada namu kafin a kira la'asar. Kai mai jar hula, zo riƙe min sifikar nan. Na cire ram. Kunna. Kun ji? Yana kuka. Miƙo min kilinar can.