Maki 7 da maki 8.8: me ya sa ƙaramar girgiza ta fi babba kisa?

A farkon 2010 an yi girgizar ƙasa biyu, makonni kaɗan tsakani. Ranar 12 ga Janairu a Haiti, maki 7.0. Ranar 27 ga Fabrairu a Chile, maki 8.8. Ta Chile ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba, amma mutum 500 da 'yan kai ta kashe. Ta Haiti kuwa ta hallaka sama da mutum 100,000. To, ina lissafin ya kuskure?

Bai kuskure ba. Abubuwa biyu ake aunawa, mu ne muke cakuɗa su.

Na farko shi ne makin da kuke ji a rediyo, wato ƙarfin da ya fito daga inda dutse ya tsage a ƙarƙashin ƙasa. Kowace girgiza makinta ɗaya ne tak. Charles Richter ne ya fito da ma'aunin a Kalifoniya a 1935, kuma ba a hawansa kamar matakalar bene. Daga 6 zuwa 7, motsin da na'urar auna girgiza ke zanawa ya ninka sau 10, ƙarfin kuma kusan sau 32. Shi ya sa ta Chile ta ninka ta Haiti kusan sau 500.

Sai dai ma'aunin Richter na gazawa idan girgiza ta yi girma sosai. Tun 1979 Hiroo Kanamori da Thomas Hanks suka kawo wani, wanda ke duba faɗin tsagar, da nisan da dutse ya zame, da taurin dutsen. Da shi masana ke aiki yau, ko da yake 'yan jarida har gobe bakinsu na kan Richter.

Na biyun shi ne tsanani, wato yadda abin ya iske ku inda kuke. Kamar ganga ne: makaɗi ɗaya, bugu ɗaya, amma na bakin fage da na bayan gari ba ji ɗaya suke yi ba. Ma'aunin Mercalli, wani Ba'italiye, yana da mataki 12. A ƙasa-ƙasa, fitilar da ke rataye ce kawai ke lilo. Can tsakiya, kwanuka su zubo daga kanta, bango ya dare. A sama, gadoji su rushe, layin dogo ya lanƙwashe.

Ta Haiti ba ta yi zurfi ba, kuma kilomita 25 kacal ne tsakaninta da babban birni, inda gidajen siminti marasa isasshen rodi suka yi cunkoso. Chile kuwa, saboda wuyar da ta sha a 1960 da girgiza mai maki 9.5, mafi girma da aka taɓa aunawa, tana da dokar gini mai tsauri.

Ƙasar da aka yi gini a kai ma da nata. A 1985 girgiza ta tashi daga gaɓar tekun Meziko, fiye da kilomita 300 daga babban birnin, amma a can benaye suka yi ta zubewa, domin tsakiyar birnin na zaune ne kan laka mai taushi ta tsohon tafki, wadda ta ƙara wa jijjigar ƙarfi.