Kafin ka amince da ƙarin kuɗin haya, duba takardarka

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban ƙungiya, malamanmu, dattawa, iyayenmu mata, da sauran 'yan'uwa mazauna Bronx da kewaye, ina gaishe ku, na kuma gode da kuka ba ni wannan lokaci.

Maganar da na zo da ita ta gida ce, gidan da muke kwana a ciki. Kusan kowa a wannan ɗaki ɗan haya ne. Kuma mun taso a inda idan mai gida ya ce shekara mai zuwa kuɗi ya ƙaru, magana ta ƙare: ko ka biya, ko ka nemi mota ka kwashe kayanka. Da wannan tarbiyya muka zo nan. Takardar ƙari na zuwa, sai mu ce Allah ya rufa asiri, mu ƙara awannin tuƙi, mu rage abin da muke aikawa gida. Wallahi abin yana damuna, domin a jihar New York mai gida ba shi da wannan ikon da muke ba shi.

Abu na farko da ya kamata kowa ya sani shi ne wane irin gida yake ciki. A birnin nan akwai gidaje kusan miliyan ɗaya da hukuma ke ƙayyade hayarsu, waɗanda a takarda ake rubuta musu rent stabilized. Galibinsu benaye ne masu gida shida ko fiye, da aka gina kafin 1974, kuma Bronx cike take da irinsu. A irin wannan gida ba mai gida ke yanke ƙari ba. Wani kwamiti na birni ne ke zama duk watan Yuni ya tsayar da adadi. Ga yarjejeniyar haya da ta fara tsakanin 1 ga Oktoba 2025 da 30 ga Satumba 2026, kashi 3 cikin ɗari ne na shekara ɗaya, kashi 4.5 na shekara biyu. Mai biyan dala 1,500 a wata, ƙarinsa dala 45 ne idan ya zaɓi shekara ɗaya. In aka ce masa ya ƙara 300, to akwai magana. Kuma dole ne a ba ka damar sabunta yarjejeniya. Wanda bai san matsayin gidansa ba, ofishin gidaje na jiha, HCR, yana ba ɗan haya tarihin kuɗin hayar gidansa kyauta.

Wanda gidansa ba ya cikin wannan rukuni, shi ma ba a bar shi a sake ba. Wata dokar jiha ta 2019 ta ce idan ƙarin ya kai kashi 5, sai an sanar da kai a rubuce: kwana 30 in ba ka shekara ba, kwana 60 in kana tsakanin shekara ɗaya da biyu, kwana 90 in ka wuce shekara biyu. Maganar baki a bakin ƙofa ba sanarwa ba ce. Dokar ta kuma hana karɓar kuɗin ajiya fiye da hayar wata ɗaya. Sannan a watan Afrilun 2024 aka ƙara wata doka, wadda ta ba ɗan haya damar ƙalubalantar ƙarin da ya haura hauhawar farashi da kashi 5, ko ya wuce kashi 10, duk wanda ya fi ƙanƙanta. Sai dai ba ta shafi ƙaramin mai gida mai gidaje goma ko ƙasa ba, haka sababbin gine-gine.

Ga masu 'yan'uwa a Houston ko Atlanta, kada ku ba su shawara da dokar nan. Texas da Jojiya ba su da iyakar ƙari. Kalifoniya kuwa tana da tata, wadda ba ta wuce kashi 10. Kowace jiha da nata tsarin.

Yanzu ga inda muke cutar kanmu, kuma iyayena ku yi mini afuwa in na faɗa. Mutum ya yi shekara biyar a gida, sunansa ba ya kan yarjejeniya, sunan wani ne da ya koma Kumasi ko Yamai tuntuni. Wani kuma yana miƙa kuɗi hannu da hannu ba rasit, don yana jin kunyar tambaya. Ranar da aka je kotun gidaje, alƙali takarda zai nema, ba shaidar cewa kai mutumin kirki ne ba. Ku riƙa karɓar rasit. Doka ta wajabta wa mai gida ya bayar idan kuɗi aka ba shi a hannu.

Na san abin da ke zuciyar wasu: takardun izinin zama a ƙasar nan. Haƙƙin ɗan haya bai dogara da su ba. Mai gida ba shi da ikon canza makulli ko fitar da kayanka ba da umarnin kotu ba, laifi ne. Kuma tun 2017 birnin nan yana ba masu ƙaramin ƙarfi lauya kyauta a shari'ar kora. A kira 311 a nemi layin taimakon 'yan haya, a ce ana son tafinta.

Ranka ya daɗe shugaba, roƙona shi ne a zamanmu na gaba kowa ya zo da yarjejeniyarsa da takardar ƙarin da aka aiko masa. Matasanmu masu karatu su zauna da dattawa a duba su ɗaya bayan ɗaya, mata kuma a ware musu teburinsu. Ni zan zo da wuri.

Wassalamu alaikum.