Keken GT a ƙasar Zazzau: ido ya so, me ƙugu ya ce?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Ku matso da ido nan, ƙarƙashin sirdi. A yawancin kekuna, siraran ƙarafan nan biyu da suke tasowa daga tayar baya suna tsayawa ne a jikin bututun da sirdi yake shiga. A keken GT kuwa sun gota shi, sai da suka kai ga sandar sama sannan aka yi musu walda. Gotawar da suka yi ce ta fitar da wannan 'yar ƙaramar alwatika. Ga babba a gaba, ga ta baya, ga wannan, uku ke nan. Kamfanin GT ya raɗa wa ƙirar suna Triple Triangle, kuma ko an kankare fenti an ɓare sitika, wanda ya san keke daga tsallaken titi zai ce maka GT ne.

A kan wannan 'yar alwatika ake ta musu. Ɗalibai da samarin da ke hawan keke tsakanin Samaru da Kwangila, galibinsu ita ce take fara tafiya da hankalinsu. Masu gyaran keke kuwa, musamman dattawan da suka tsufa a kan Raleigh da Phoenix, sukan taɓe baki su ce ƙarin ƙarfe ne kawai, ƙarin walda, ga lungun da taɓo yake maƙalewa da damina. Maganar taɓon gaskiya ce. Amma in dai batun kyau ne, ni ina bayan samarin. Layin ƙarfen da ya miƙe tun daga tsakiyar tayar baya har ya soki sandar sama yana sa keken ya fito da siffar mai sauri ko yana jingine a bango.

GT harufan farko ne na sunan Gary Turner, wani mai walda a Kalifoniya ta Amurka, wanda a farkon shekarun 1970 ya ƙera wa ɗansa firam ɗin ƙaramin keken tsere na BMX saboda na kasuwa suna karyewa. Daga baya ya haɗa gwiwa da Richard Long, mai shagon kekuna, suka mai da abin kamfani. Kekunan hawan dutse masu alwatika uku sun zo ne a ƙarshen shekarun 1980.

To, ina maganar hawa? Masoya GT suna cewa alwatikar tana ƙara wa bayan keke ƙarfi, kana taka feda yana zabura ba tare da ya lanƙwasa ba. Waɗanda ba sa yi da shi suna cewa ai wannan ƙarfin shi ne yake bugun ƙugu a gargada. Kowanne yana da ɗan abin kamawa, domin tsohuwar ƙirar an yi mata walda a wuri biyu, a bututun sirdi da kuma sandar sama, saboda haka bayan ya ƙanƙance ya yi tauri. Sai dai abin da ba a cika faɗa ba shi ne, firam ɗin keke kowane iri ne, in dai ba shi da shokozoba a baya, lotsawar da yake yi sama da ƙasa ba ta taka kara ta karya ba. Taya ce take shanye bugun hanya, sai sandar sirdi, sai sirdin kansa. Ka kai keken wajen mai faci ya ɗura masa iska har taya ta yi ƙau, PSI 55 ko 60 a ma'aunin iska, ka bi hanyar burji ta bayan Shika, wallahi sai ka tsine wa alwatikar nan alhali babu ruwanta. Ka sauke iskar zuwa wajen 30, in nauyinka bai fi kilo 70 da wani abu ba kuma tayar mai faɗin inci biyu da ɗoriya ce, ka sake bin hanyar, za ka rantse an sauya maka keke. Kada dai a zarce da ragewa, don in ta yi laushi da yawa bakin rim zai cije tub a kan dutse.

Shi ma kamfanin ya ji ƙorafin. A kekunansa na baya-bayan nan, daga wajen 2019, ƙarafan biyu suna wucewa ta gefen bututun sirdi ba tare da sun taɓa shi ba, sai a sandar sama kaɗai aka haɗa su, don su ɗan samu sararin lotsawa. Kana iya gwadawa a wajen saye: zura takarda tsakanin ƙarfen da bututun. In ta wuce, sabuwar ƙira ce.

Yanzu ga inda ido yake yaudarar mai saye. Samfuran GT uku, Aggressor, Avalanche da Zaskar, in an jera su daga nesa duk fuska ɗaya ce. A ƙarƙashin mahayi kuwa kowa da halinsa.

Aggressor shi ne ƙaramin gida. Firam ɗin alminiyam ne mai kyau, fentinsa ma sau da yawa ya fi na yayyensa ɗaukar ido, amma kayan da aka ɗaura masa na ƙasan layi ne. Shokozobar gaba ta sifirin ce, mai nauyi, tana lotsawa wajen milimita 80, kuma in ta lotsa da sauri take dawowa ta bugi hannu. Giya uku a gaba, bakwai ko takwas a baya, sarƙa tana ta kaɗawa a gargada. Birkin yawanci na waya ne. Don zuwa aji daga Samaru, ko sauka PZ a dawo, ko ratsa hanyar gona, ba shi da laifi ko kaɗan, kuma duk mai gyara zai iya da shi. Amma kada sunan, mai nufin mai kai farmaki, ya ruɗe ka ka nufi gangaren dutse da shi a guje.

Avalanche ne nake ganin ya fi dacewa da ƙasarmu, kuma zan faɗi dalili. Zariya fili ce. In ka cire Kufena da 'yan duwatsun da ke warwatse, abin da muke hawa kullum shi ne burji, yashi a gindin kwari, zaizayar da ruwa ya yi a gefen Kubanni, ramuka da tudun rage gudu a kan kwalta. Irin wannan ƙasa ba ta neman shokozoba doguwa. Abin da take nema shi ne taya mai faɗi, birki mai kamawa da yatsa ɗaya, da kan keke mai faɗin da zai riƙe tayar gaba kada yashi ya murɗe ta. Avalanche na shekarun nan yana da waɗannan: birkin faifai mai aiki da mai, shokozoba ta milimita 100 zuwa 120, kai mai faɗin fiye da santimita 70. Zamansa a miƙe yake, ba ya tilasta maka duƙawa. Ba shi da zafin nama irin na keken tsere, a hawa tudu za ka ji nauyinsa. Amma in ka ɗauke shi zuwa gindin Kufena ta wajen Wusasa, ka hau falalen dutsen da ke ƙasa-ƙasa ka gangaro a hankali, ba zai ba ka tsoro ba. Da hunturu dai a kula, ƙura tana kwanciya a kan dutse ta mai da shi santsi, kuma babu tambarin da ke hana zamewa.

Zaskar kuwa shi ne sarautar gidan. Ya fito a 1991, alminiyam ƙirar Amurka, kuma na farkon da yawa ba a yi musu fenti ba, an goge ƙarfen ne har yana ɗaukar ido kamar kwanukan jere a ɗakin amarya. Kamfanin yana alfahari da cewa firam ɗin ya ci gasa a fannoni huɗu daban-daban na tseren duniya, kuma a kansa gwanin wasa da keke Hans Rey ya yi suna da tsalle-tsalle a kan duwatsu. Ga sauƙin nauyi, ga zabura. Sai dai tsohon Zaskar keken tsere ne na zamaninsa: kai siriri, wuya dogo, mahayi a duƙe, fok, wato ƙarafan da suke riƙe da tayar gaba, a tsaye sosai. A hanya mai kyau daɗi, a gangare mai duwatsu kuwa nauyinka duk yana kan tayar gaba, ƙaramin rami ya isa ya wuntsila ka. Wanda ya haura shekara 40 yana fama da baya, ya yi ta kallonsa dai. Kuma a sani, sitika ba ta da tsada, ana manna sunan Zaskar a jikin ƙananan GT. Masu tara tsofaffin kekuna suna duba ƙarshen sandar sama ne, inda ta ɓullo ta bayan bututun sirdi aka rufe ta da murfi mai tambarin GT: a tsohon Zaskar murfin a shafe yake, a ƙananan kuwa yana da ɗan lanƙwasa.

Bari in daɗe kaɗan a kan masu shokozoba gaba da baya, domin su ne suka fi cin kuɗin mutane a gwanjo. GT ya yi RTS da LTS a shekarun 1990, sannan i-Drive daga 1999, sai Sensor da Force da Fury na baya. A gani, babu kamarsu: ga sifirin a tsakiya, ga ƙarafa suna motsi, yara su bi ka da kallo. I-Drive dabara ce ta gaske. An sa gindin feda a cikin wani babban zobe mai juyawa, aka riƙe shi da ɗan ƙarfe a jikin firam, ta yadda in tayar baya ta lotsa feda ba za ta fizgi ƙafarka ba. Sabonsa yana tafiya lumui a gargada. To amma kowace gaɓa mai motsi tana da boris ko bush, kuma keken da ya shekara 20 kafin ya iso Sabon Gari, ya zo ya haɗu da ƙurar hunturunmu, waɗannan gaɓoɓin sun riga sun ci. Ka riƙe sirdi ka ɗaga shi sama a hankali. In ka ji ƙwas kafin taya ta bar ƙasa, akwai wasa a gaɓa. Ka kama tayar baya ka girgiza ta hagu da dama, in firam ɗin yana amsawa, kyan ɗan maciji ne, a bar shi. Shokozobar baya mai iska in ta fara zubar da mai, robobin cikinta ba a tebur ake samunsu ba.

Akwai kuma waɗanda ake rainawa, tsofaffin GT na baƙin ƙarfe: Karakoram, Timberline, Tequesta, Outpost. Bututunsu sirara, fentin wasunsu yayyafi-yayyafi irin na shekarun 1990, wasu ma babu shokozoba sam. Samari suna wuce su a kasuwa. Ni kuwa a idona alwatika uku ta fi fitowa a siririn ƙarfe fiye da a kaurin alminiyam, kuma hawansu yana da wani laushi da ba ya gajiyar da mutum a doguwar tafiya. Ga babbar riba: in ya tsage, mai walda na unguwa zai ɗinke shi. Alminiyam irin na 6061 da GT yake amfani da shi, bayan walda sai an sake gasa shi a ma'aunin zafi na musamman kafin ƙarfinsa ya dawo, abin da ba a yi a bakin titi. Saboda haka duk GT na alminiyam da za ka saya, ka goge ƙurar da ke wajen waldar alwatikar nan da ta wuyan keke, ka duba da tocila. Layi siriri mai duhu a gefen walda tsaga ce.

Tsofaffin nan tayarsu inci 26 ce, wadda ta fi sauƙin samu a wurinmu. Sababbin suna zuwa da 27.5 ko 29. Ta 29 ta fi hawa kan rami da yashi ba tare da ta tsaya ba, shi ya sa dogon mutum zai fi jin daɗinta, amma ka tambayi taya da tub kafin ka biya. Kuma kada wani ya ce maka tayar Phoenix mai lamba 28 za ta shiga. Rim ɗin Phoenix milimita 635 ne, na 29 kuwa 622, duk da lambar 29 ta fi 28 girma. Ga tsidau a hanyoyin gona, tub ɗin ajiya ba abin wasa ba ne.

A ƙarshen 2024 kamfanin ya sanar da dakatar da fitar da sababbin samfura, wasu suka fara cewa kayan gyara za su ɓace. Yawancin abin da ke jikin GT ba na GT ba ne: giya da birki na Shimano ne ko SRAM ko Tektro, shokozoba ta SR Suntour ko RockShox, duk ana samunsu a jikin wasu kekunan. Abin da yake nasa shi kaɗai shi ne gaɓoɓin masu shokozoba biyu, da ɗan ƙarfen nan da giyar baya take rataye a jikinsa. An yi shi da taushi da gangan, don in keke ya faɗi ta dama shi ya lanƙwashe a maimakon firam. Kowane samfuri da irin nasa, na Avalanche ba lallai ya hau Aggressor ba. In mai sayarwa yana da mataccen firam irin naka a jibge, ka roƙe shi ya kwance maka wannan ɗan ƙarfen ya haɗa maka a cikin ciniki.