Sunayen Girkawa da Rumawa a Takalmanmu da Gidajen Kallon Ƙwallo

Assalamu alaikum. Shugaban taro, malamaina da ke sahun gaba, 'yan uwana ɗalibai, barkanmu da yamma. Minti talatin aka ba ni, kuma na ga mai riƙe da agogon ba ya da alamar wasa, don haka bari in shiga magana.

Da zan shigo ɗakin nan sai da na sunkuyar da kai ina duba ƙafafunku. Ku yi haƙuri, aiki nake yi. Na ƙirga takalma sun fi goma masu alamar nan mai kama da makin da malami ke ba wanda ya ci lissafi. Nike ke nan, ko na kanti ko na gwanjo. To, Nike sunan wata abar bauta ce ta Girkawan dā, wadda suke jingina wa nasara a yaƙi da gasa, suna sassaƙa gunkinta da fukafukai. Kamfanin ya fara a 1964 da wani suna daban, sai a 1971 ya ɗauki wannan, kuma ɗalibar da ta zana alamar dala 35 aka biya ta. Na san akwai wanda zai tare ni a ƙofa ya ce, to Malam, ya hukuncin saka shi? Ga masu fatawa nan a sahun gaba, ni tarihi aka kira ni in yi.

Mu leƙa gidan kallon ƙwallo. Waɗanda suka manyanta a cikinku sun tuna Ajax ta Amsterdam a 1995, da ta doke AC Milan da ci ɗaya mai ban haushi ta ɗauki kofin zakarun Turai, da Finidi George da Nwankwo Kanu a cikinta. Shekara ɗaya bayan nan ɗanmu na Kaduna, Tijjani Babangida, ya koma can. Mun yi shekaru muna ihun sunan nan Ajax, amma mutum nawa ne suka taɓa tambayar wane ne shi?

Barde ne a tatsuniyar yaƙin Troy, birnin da Larabawa ke kira Ɗarwada, ba tarwaɗar miya ba. A rundunar Girkawa babu wanda ya fi shi ƙarfi sai Akilis. Da aka kashe Akilis, aka zauna rabon kayan yaƙinsa, Ajax na ganin babu mai ja da shi. Sai aka ba Odisiyas, mutumin da bai kai shi ƙwanji ba amma ya fi shi iya baki. Baƙin ciki ya turnuƙe shi, ya ƙudurta kashe shugabannin rundunar cikin dare, sai hankalinsa ya gushe ya afka wa garken tumaki da shanu yana sara, a zatonsa su ne. Gari ya waye, ya dawo hayyacinsa, ya gan shi tsamo-tsamo cikin jinin dabbobi. Kunya ta hana shi ɗaga ido. Ya kafa takobinsa a ƙasa ya faɗa a kai. Wannan shi ne mutumin da kansa ke jikin rigar kulob ɗin da aka kafa a 1900. An ɗauki jarumtar, an bar haukan da kunyar a inda aka same su.

Kuma haka kasuwa take yi da duk sunayen nan. Takan tsinci hali ɗaya mai sayuwa, ta zubar da sauran. Atalanta ta Italiya, inda Ademola Lookman ya zura ƙwallo uku shi kaɗai a wasan ƙarshe na kofin Europa a 2024, sunan wata budurwa ce mai gudun tsiya, wadda ta ce ba ta aure sai wanda ya tsere mata, wanda ya kasa kuwa a bakin ransa. Gudun aka ɗauka, ba a ɗauki gawarwakin manema ba. Spartak ta Mosko, da Emenike da Victor Moses suka taka wa leda, sunan Spartakus ta ara, bawan da ya ja tawaye a kan Rum daga shekara ta 73 zuwa 71 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. An gama da shi, aka gicciye mutanensa 6,000 a gefen hanya.

Abin da ya fi ba ni sha'awa ma shi ne, wasu abubuwan da ake nuna mana a matsayin tsohuwar al'ada, jiya-jiya aka ƙirƙire su. Kun ga yadda ake kunna wutar Olamfik a Girka, mata sanye da fararen kaya, a riƙa miƙa ta hannu zuwa hannu har ƙasar da za a yi gasar? Kai ka rantse haka ake yi tun gasar farko ta shekara ta 776 kafin haihuwar Annabi Isa. Ina! A Balin aka fara wannan gudun miƙa wuta, a 1936, zamanin Hitila. Haka nan babban yatsan da sarki ke juyawa ƙasa a finafinan 'yan takobin Rum, alamar a kashe. Zanen wani Bafaranshe na 1872 ne ya dasa wannan hoton a zukatan mutane. Marubutan Rum sun ambaci juya yatsa, amma ba su fayyace ko sama ko ƙasa ba. Su kansu fararen gumakan nan na dutse, a zamaninsu fenti ne da su raɗau, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa. Shekaru ne suka wanke su.

Sai fim ɗin nan 300, da samarinmu suka haddace. Gaskiya ne an yi yaƙin tsakanin Girkawa da Farisawa a wata matsattsiyar hanya a shekara ta 480 kafin haihuwar Annabi Isa, gaskiya ne sarkin Sparta ya mutu a wurin da mutanensa 300. Amma Girkawan da suka je wurin dubbai ne, kuma a ranar ƙarshe akwai wasu mutum 700 daga wani ƙaramin gari da suka ƙi gudu suka mutu tare da su. Babu wanda ya yi musu fim. Farisawa kuwa, kakannin mutanen Iran, aka mai da su dodanni, abin da ya sa Iran ta yi ƙorafi a 2007. Ni a ganina suna da hujja. In ka kalli fim irin wannan, tambayi kanka wa aka ba fuskar mutane, wa aka hana.

Yanzu kada wani ya fita da tunanin cewa sai da talabijin ta zo muka san Girkawa. Akwai tsohuwar hanya, ta Bagadaza. A zamanin Abbasiyawa an fassara Aristo da Jalinus da Iƙlidis zuwa Larabci, wato falsafa da likitanci da lissafi. Ilimin manɗiƙi da ake karantawa a zaurukanmu daga can ya samo tushe, kuma Shehu Magili, wanda ya zauna Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, har musayar baitoci ya yi da Imam Suyuɗi yana kare shi. Alƙalamin da ke hannunku, kalmar daga Girkanci ta shiga Larabci. Dirhami ma haka, dinari kuwa daga kuɗin Rumawa. Amma ku lura da zaɓen da mafassaran can suka yi: sun kwashi ilimi, suka bar tatsuniyoyin gumaka. Waƙar yaƙin Troy ta Homa, mawaƙin Girkawan dā, ba a buga ta cikakkiya da Larabci ba sai 1904. Abin da suka bari, shi ne ya zagayo ya iske mu ta bakin teku, a jikin riga da takalmi da kalanda. Janairu da Maris sunayen gumakan Rum ne, Yuli da Agusta sunayen masu mulkinta. Sanata kuwa daga kalmar Rumawa mai nufin tsoho ya fito, don haka wanda ya fara cewa majalisar dattawa ya fassara daidai, ko da wasu 'yan majalisar ba su yi furfura ba.

Na ga an ɗaga mini hannu. Ɗaya ya rage, kuma shi na fi so. Wa bai taɓa yin ciwon idon nan ba, wanda za ka tashi da safe ido ya yi jawur ya manne da kwantsa, gida duka a kamu? Afolo. An fara ganin annobarsa a Ghana a 1969, daidai lokacin da kumbon Amurka Apollo 11 ya sauka a kan wata, sai jama'a suka laƙaba masa sunan kumbon. Shi kuma kumbon sunan Apollo ya ci, gunkin da Girkawa ke dangantawa da haske da kiɗa da waraka. Amma yana da wata sana'ar. A farkon waƙar Homa, shi ne ya fusata ya yi ta harba kibau cikin sansanin Girkawa, annoba ta ɓarke, aka kwana tara ana ƙona gawa. Amurkawa sun ɗauki haskensa suka kai wata, mutanen Akara kuma, ba tare da sun nufa ba, suka mai da shi tsohon aikinsa na raba ciwo.

Shugaba, ga makirufo. Mai tambaya ya ɗaga hannu, amma ban da ta takalmi.