Daga kallon ƙwallo zuwa cocin Yamusukuro

Hajara: Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da warhaka daga nan Garwa, a arewacin Kamaru. Ni ce Hajara, ga Malam Buba, ga kuma Sani, wanda tun da ya taka Kodebuwa bai bar kunnuwanmu sun huta ba. Yau mun ce ya zo ya amayar da labarin kowa ya ji.

Sani: Yaya Hajara ke nan. Ni fa ƙwallo ce ta kai ni, gasar cin kofin Afirka, a Janairun 2024. Wasanninmu na Kamaru biyu na farko a Yamusukuro aka buga su. Muka tashi 1-1 da Gini, sannan Senegal ta...

Malam Buba: Kai, kar ka fama mana gyambo. Wuce wurin.

Sani: To, na wuce. Tsakanin wasannin akwai kwana huɗu, ba aikin fari ba na baƙi. Duk inda ka juya a garin kuwa sai ka hango wata ƙubba ta tokare sama. Na ce wallahi sai na gani da idona.

Hajara: Coci fa, Sani. Ba ka ji wani iri ba?

Sani: Na ji mana. Ina isa bakin ƙofa na duƙa zan cire takalmi, sabo da masallaci. Ɗan jagoran ya yi murmushi ya ce in bar takalmina, hula ce zan cire. Sai ga ni da takalmi a ƙafa, hula a hannu, kamar an juya ni. A ayarinmu ma da akwai wasu Musulmi, ba wanda ya ko kalle mu.

Malam Buba: Ai baƙo ka je. In ka shiga gidan mutum, yadda ya tsara gidansa za ka bi.

Sani: Ciki kuma, Malam, sanyi ne ya fara tarbata. Daga jikin kujerun iskar take fitowa, kujerun mutum 7,000, ban da wurin tsayuwar wasu 11,000. Ƙasa marmara ce daga Italiya. Bangon kusan duk gilashi ne mai launi da aka yi a Faransa, in rana ta bugo shi sai ka ga shuɗi da ja kwance a bayan hannunka. Na daɗe ina juya hannu kamar ƙaramin yaro. Wasu ginshiƙan ma ashe cikinsu rami ne, lif aka sa yana hawa da mutane sama.

Hajara: An ce ta fi ta Fafaroma a Rum tsawo.

Sani: Da ita aka yi koyi. Ƙubbar ba ta kai ta Rum ba, amma gicciyen da aka kafa a kanta ya kai ginin mita 158, ya zarce waccan. Wani ɗan ƙasar mai tushen Labanan, Pierre Fakhoury, ya zana ta. An fara a 1985, Fafaroma John Paul na biyu ya zo ya keɓe ta a Satumban 1990.

Malam Buba: Aikin Houphouët-Boigny ke nan, shugaban Kodebuwa na farko. Yamusukuro ƙauyensu ne fa, ya mayar da shi babban birni a 1983.

Hajara: Mu ’yan Garwa ba mu da bakin magana a nan. Ahidjo ma, shugaban Kamaru na farko, ai bai manta gida ba, ya yi mana filin jirgi.

Malam Buba: Filin jirgi daban, ’yar nan, marmara daban. Na tuna lokacin, a rediyo muke jin surutun. Farashin koko ya faɗi, bashi ya yi wa ƙasa katutu, shi kuma ya ce daga aljihunsa ya gina. Wane irin aljihu ne wannan?

Sani: Yana ma cikin gilashin, Malam. An nuna mana hotonsa a durƙushe gaban Annabi Isa. Kuma an ce Fafaroma ya nemi a gina asibiti kusa da cocin. An aza tubali a 1990, amma sai bayan shekara ashirin da wani abu aka buɗe.

Malam Buba: Ka ji ko? Coci shekara huɗu, asibiti kusan ashirin da biyar.

Sani: Ban musa ba. Ranar da na je ma, masu ɗaukar hoto sun ninka masu ibada. Amma ko kai, Malam, in ka tsaya a ƙarƙashin ƙubbar nan ka ɗaga kai, sai ka yi shiru tukuna kafin ka fara lissafi.

Hajara: Kadojin fa? Ka je tafkin gidan shugaban?

Sani: Na je, daga nesa. Suna kwance baki buɗe suna shan hantsi.

Malam Buba: Mutumin da ya girma yana kallon dorina a Binuwai, shi ne yake tsoron kada?

Sani: Dorinar Binuwai ta san ni, Malam. Waɗancan ba mu taɓa gaisawa ba.