Sunan Allah a Banza: Ba Maganar Baki Kaɗai Ba Ce

Kwanakin nan gardama ta yi zafi: in Kirista ya razana ya ce "Yesu!", ya karya doka ko bai karya ba? To, jama'a, a dakata tukuna, mu buɗe ayar.

Fitowa 20:7 ke nan, ɗaya daga cikin Dokoki Goma, wadda ta hana ɗaukar sunan Ubangiji Allah a banza; tana kuma cikin Maimaitawar Shari'a 5:11. Yawancin Furotesta na ƙirga ta doka ta uku, Katolika ta biyu. Bambancin ƙirga ne kawai, mu wuce.

Ku dubi kalmar Ibranancin da ke cikin ayar: "nasa". A'a, ba "nasa" ta Hausa ba, kada wani ya ce ya iya Ibrananci tun yau! Ma'anarta ɗauka, ko ɗagawa. Ɗaya kalmar kuwa, "shaw", wofi ke nan, ko ƙarya. Wato kada ka ɗauki sunan Ubangiji ka kai shi inda babu gaskiya.

A nan ne ake tuntuɓe. A Fitowa 28, Haruna babban firist yana ɗauke da sunayen kabilun Isra'ila 12 a kafaɗunsa da ƙirjinsa, kuma da kalmar nan "nasa" aka faɗa. Suna abin ɗauka ne, kamar kaya. Duk wanda ake kira mutumin Allah, da sunan yake yawo ko bakinsa a rufe yake. Shi ya sa Bulus, a Romawa 2:24, ya ce saboda halin masu taƙama da Shari'ar Musa ake saɓon sunan Allah cikin al'ummai.

Sai rantsuwa. Firistoci 19:12 ta hana rantsuwar ƙarya da sunansa. Yesu, a Matiyu 5, ya ƙara matsawa: i ɗinka ya zama i, a'a ya zama a'a.

Yahudawa kuwa, don tsananin girmamawa, suka daina furta haruffa huɗun nan na sunan Allah, YHWH, sunan da ya zo sama da sau 6,000 a Tsohon Alkawari. In sun iso wurin sai su ce "Adonai", wato Ubangiji.

To, mai cewa "Yesu!" fa? In kira ne daga zuciya, addu'a ce. In bakin ne ya saba, a yi masa linzami. Amma ni dai, wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mai cewa "Allah ya gaya mini", alhali son ransa ne ya gaya masa.