Hiroyin: ɗan ƙullin da ke kai mutum shekara 15 a kurkuku

Assalamu alaikum jama'ar Sakkwato. Akwai wani ɗan ƙullin leda, bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Garin da ke ciki ruwan ƙasa ne, wani lokaci fari. Sunansa hiroyin, ko da yake mutanenmu kan haɗa shi da koken su kira su duka hodar ibilis.

Daga ƙaron wani fure ake tace shi, furen da aka daɗe ana nomawa a Afganistan da Miyanma. A 1898 kamfanin Bayer na Jamus ya fara sayar da shi a matsayin maganin tari, kafin duniya ta gane bala'in da ke cikinsa. Danginsu ɗaya da kodin da tiramol, kuma abin da ke tayar mini da hankali ke nan. Yaron da ya saba da kwalbar kodin, jikinsa ya riga ya san hanya. Ran da ƙwaya ta daina yi masa aiki, sai ya nemi wadda ta fi ta ƙarfi. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gudanar a 2018 ya gano 'yan Najeriya miliyan 14.3 na shaye-shaye, kimanin dubu 87 daga cikinsu hiroyin suke sha.

Iyaye mata, ku lura da kyau. Wanda ya sha, ɗan baƙin idonsa kan tsuke kamar kan allura, yana zaune ana hira sai gyangyaɗi. In ya yi 'yan sa'o'i bai samu ba, sai hamma, majina, zufa, gudawa, ƙasusuwa na ciwo kamar ana sara su. A wannan halin ne wayar ƙanwa ke ɓata, tukunyar gida ta bi ta. Idan kuma ya yi yawa, numfashi ne ke raguwa har ya tsaya. Akwai allurar naloxone da ke farfaɗo da mutum, amma sai an garzaya da shi asibiti, ba a tsaya yayyafa ruwa ba.

To, me doka ta ce? Dokar hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a Najeriya, wadda aka kafa a 1989, ta tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka kama da hiroyin da saninsa, ko da na sha ne. Mai shigowa da shi, mai fita da shi, mai sayarwa, ɗaurin rai da rai. Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraron shari'ar, don haka dattawan unguwa ba su da ikon sasantawa. Direban da ke bin hanyar Illela da maniyyacin da aka ba "saƙo" ya kai Makka, ku buɗe kayan ku gani da idonku. A Saudiyya hukuncin kisa ne.

Ɗan da ya kamu marar lafiya ne, kuma ɓoye shi don gudun abin kunya ba ya warkar da shi. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana nan Kware, hukumar NDLEA ma tana da sashen ba da shawara da gyaran hali. Kuma in ya dawo gida daga jinya ko daga kurkuku, makonnin farko sun fi hatsari, domin jikinsa ya manta da ƙwayar. Adadin da ya saba sha a da, yanzu shi ne zai iya kashe shi.